Fiyus na Bakwai

Dare ya riske mu a Patagoniya, gab da Tafkin Cardiel,
inda iska ba ta san sallama ba,
sai dai ta kama motarmu a kafaɗa ta yi ta jijjiga.
Motar ce gidan: gado, murhu, firji, tukwane uku,
da ni, da Amílcar, da aurenmu mai shekara arba'in da ɗaya.

Ina tsiyaya ruwan zafi a ƙoƙon shayin mate, sai ɗif.
Fitilar rufi ta tafi,
famfo ya tsaya a tsakiyar numfashi,
firji kuwa na ta gurnaninsa, ko a jikinsa.

"Ba batir ba ne," in ji shi, "tunda wancan na da rai."
Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙorafi,
ya buɗe 'yar ƙofar da ke ƙarƙashin kujera.
Ni ce mai tocila. Aikina ke nan tun gashinmu na baƙi.

Bireka uku a sama, kowace a tsaye.
Su masu saurin fushi ne, masu saurin hucewa:
haɗa musu butar lantarki da hita a masauki, su faɗi,
ka tashe su da ɗan yatsa, su yafe maka.
Fiyus ba haka yake ba.
Sau ɗaya yake magana a rayuwarsa.

Ga su jere kamar alawa a faranti,
ja goma, shuɗi sha biyar, rawaya ashirin.
Ya riƙa zaro su da filaya yana ɗaga wa haske.
Na bakwai, siririn zaren cikinsa ya tsinke,
ga tabo baƙi kamar ɗigon tawada.

Ya sa sabo. Haske ya zo, na buɗe baki zan yi murna,
tas!
Ya sa wani. Tas!
Saura ja guda ɗaya a gwangwani, sai rawaya huɗu,
gari mafi kusa kuwa tafiyar awa biyu ce kan tsakuwa.

Na ga hannunsa ya nufi rawaya.
"Zai riƙe, Nélida," ya ce.
Na ce, "Zai riƙe kam, har waya ta kama wuta muna barci.
Mai gadi ya yi ihu sau uku,
sai ka sallame shi ka ɗauko kurma?"

Bai dube ni ba.
Amma ya ajiye.

Ruwa ba ya tsami banza.
Muka kashe kowane makunni, muka bi waya
kamar masu bin sawun ɓarawo,
ta bayan kabad, ta ƙarƙashin katifa,
mita na tsuwa a hannunsa, ƙafafuna sun zama ƙanƙara,
har zuwa bangon da ke saitin kan gadonmu.

Nan ya tsaya.
Nan jiya da yamma ya ɗaura sukuru
don ya rataye zanen da jikarmu Ludmila ta ba mu:
mota shuɗiya mai taga biyu,
da tsofaffi biyu, kawunansu sun fi tayoyin girma.
Ya warware a hankali.
Bakin sukurun ya yi baƙi, ya huda wayar har zuci.

Na haɗiye abin da ke bakina.
Shekara arba'in da ɗaya sun koya mini
inda ake kashe tocila.

Ya yanke wurin da ya ƙone, ya haɗa, ya naɗe da tef,
ya ɗauki jan ƙarshe kamar mai ɗaukar ƙwai.
Muka ƙirga tare, ɗaya, biyu, har goma.
Fitila ta zauna. Famfo ya yi tari, ya ci gaba.

Shayin ya huce, muka sha haka nan.
Zanen muka jingina a taga, yana kallon duhu.
Ƙonannun uku na zuba a aljihun rigar sanyina,
har yau suna nan,
in ina tafiya sai in ji suna ɗan kaɗawa.